Haɗa kwamfutoci su buga Doom tare daga baƙin allo, ba tare da intanet ba

Lawali Karkada
Assalamu alaikum ƴan uwa, ina yininku. Ina da tambaya ga masu sanin harkar rezo. Kun san sibar ɗina, kwamfutoci biyar ne a ciki, duka tsofaffi, kuma yanzu aikinsu bai wuce buga takardu ba, tunda kowa intanet ɗinsa na cikin salula. Da dare zaman banza suke yi. Samarin fadarmu suka ce me zai hana a riƙa buga Doom, tsohon wasan harbin nan na kwamfuta, a kansu ran Asabar bayan isha'i. Na sa Chocolate Doom, shirin da ke tayar da Doom a kwamfutocin yanzu, a kowace ɗaya, mutum guda yana bugawa lafiya lau. Abin da muke so shi ne mu shiga fili ɗaya, kowa a gaban tasa. An ce min daga baƙin allon nan na umarni ake buɗewa. Na rubuta sunan wasan a ciki, sai ya amsa min da «n'est pas reconnu en tant que commande interne ou externe». Duka biyar ɗin Windows ce a kansu, suna haɗe da kabul a suwic ɗaya, suwic ɗin kuma a jikin akwatin wifi. Ba kullum nake da forfe ba. Dole sai da intanet?

Mutari mai gyara
Wa alaikumus salam Lawali. Intanet ba ya cikin maganar nan ko kaɗan. Muddin akwatin wifi na kunne, zai raba wa kowace kwamfuta adireshinta, ko da babu forfe na dala ɗaya a ciki.

Saƙon da ka gani kuwa, baƙin allon ne bai tsaya a dosiyen da wasan yake ba. Ba ya yawon nema. Ka ɗauka wasan yana C:\doom, to da wannan za ka fara:

cd /d C:\doom

Ko kuma ka buɗe dosiyen yadda ka saba, ka danna layin adireshi na sama, ka goge abin da ke ciki, ka rubuta cmd, ka buga Entrée. Baƙin allon zai buɗe a wurin kai tsaye.

Sai ka zaɓi kwamfuta ɗaya ta zama mai masauki, ka rubuta mata:

chocolate-doom -iwad doom2.wad -server -deathmatch -warp 1

-iwad shi ke nuna fayil ɗin da filaye da hotuna da sautin wasan suke ciki. -server ya ce ni ne mai masauki. -deathmatch kowa da kowa ke nan, in ka cire shi kuma za ku zama ƙungiya ɗaya kuna yaƙar dodanni tare. -warp 1 filin farko. Wani allo zai fito yana jiran mutane, kar ka taɓa shi. Ka buɗe wani baƙin allon, ka rubuta ipconfig, ka nemi layin «Adresse IPv4». Za ka ga abu kamar 192.168.1.10. A sauran kwamfutocin sai:

chocolate-doom -iwad doom2.wad -connect 192.168.1.10

Da sunayensu sun bayyana a allon jira, mai masauki ya danna dogon maɓallin tazara, shi ke nan.

Habu Zango
Maigida Mutari, ban ƙi ta taka ba, amma me ya kai Lawali ga wannan wahala? A cikin dosiyen nan akwai chocolate-doom-setup. Ya buɗe shi, akwai wurin fara wasan rezo, akwai wurin shiga. Danna nan, danna can, an gama. Yaran da za su zo wasa suka zo yi, ba karatu ba.

Nana Hadiza
Yaya Habu, abin da ka faɗa yana aiki, ba musu. Amma shi ma shirin nan umarnin da Yaya Mutari ya rubuta yake haɗawa a ɓoye ya tura. Bambancin yana fitowa ne ranar da abu ya ƙi. In wasan ya buɗe ya rufe nan take, wanda ya danna da linzami sau da yawa bai san me ya zaɓa ba balle ya gyara. Wanda ya rubuta da hannunsa kuwa umarnin na gabansa, ya ɗauki hotonsa ya turo nan, a duba a ce ga inda yake.

Kuma ba kullum za a riƙa rubutawa ba. Yaya Lawali, ka buɗe Bloc-notes, ka zuba layin nan a ciki, ka adana shi da suna masauki.bat a cikin dosiyen wasan. Na sauran ka kira shi shiga.bat. Daga ranar danna biyu ne kawai, ya ma fi na Yaya Habu sauri, don ba za ka sake zaɓen fili da irin wasa kowane dare ba.

Ka kula da kilabiyenmu na AZERTY. Ƴar sandar nan da ke gaban kowane umarni tana kan maɓallin 6, ba a danna Shift. Ta kan 8 wata ce daban, ta ƙasa, wasan ba ya gane ta. Lambobi kuma sai da Shift, ɗigo ma haka. Na sha ganin adireshi da waƙafi a tsakiya saboda wannan. In kuma daga salula ko daga Word aka kwafo layin, wani lokaci sandar takan koma doguwa. Ido ba ya raba su sosai, amma wasan zai yi kamar ba ka rubuta komai ba.

Lawali Karkada
Allah ya saka da alheri. Mai masauki ta buɗe, ga allon jira, ga sunana a ciki. Adireshinta 192.168.1.14. Amma ta biyu tana ta ƙoƙarin shiga har ta gaji ta rufe. Na gwada ping daga can, umarnin nan da ke duba ko wata kwamfuta tana amsawa, ya ce «Délai d'attente de la demande dépassé».

Mutari mai gyara
A ta biyun ma ka yi ipconfig. Me ta nuna?

Lawali Karkada
192.168.1.11

Mutari mai gyara
Madalla, suna gida ɗaya, lambobi ukun farko sun yi daidai. Da ka ga 169.254 a farko, da sai mu ce akwatin bai ba ta adireshi ba, mu koma duban kabul. Ping ɗin da ya ƙi ma kar ya tsorata ka, Windows takan ƙi amsa shi da gangan in ta ɗauki rezon a matsayin na bainar jama'a.

Pare-feu ne, katangar tsaron Windows, ya tare hanya. Adireshi gida ne, amma gidan ƙofofi gare shi dubbai, kowane shiri da tasa. Chocolate Doom ta ƙofa mai lamba 2342 yake karɓar baƙi, da tsarin aika saƙo da ake kira UDP. A kan mai masauki ka buɗe Invite de commandes ta «Exécuter en tant qu'administrateur», ka rubuta wannan a layi ɗaya:

netsh advfirewall firewall add rule name="Doom" dir=in action=allow protocol=UDP localport=2342

Ka lura UDP na ce. Mutane da yawa wani tsarin daban, TCP, suke buɗewa, su zauna suna mamaki. In kuma ranar farko Windows ta tambaye ka ko ta bar wasan ya shiga rezo aka danna «Annuler», to akwai dokar hani da ta rubuta da sunansa, kuma hani ya fi izini ƙarfi a wurinta. Sai ka shiga jerin dokokin Pare-feu ka goge waccan.

Habu Zango
Ko kuma ya kashe Pare-feu ɗin gaba ɗaya, minti ɗaya an huta.

Mutari mai gyara
A'a Habu, wannan kam ban yarda ba. Kwamfutocin nan da rana mutane ke soka musu kile iri-iri, ɗaliban jami'a da masu neman aiki suna kawo takardunsu. In ƙwayar cuta ta shiga ɗaya, katangar nan ce ke rage mata hanyar tsallakawa zuwa sauran. Rabin injinan da ake kawo min shago ta haka suka lalace. Ƙofa ɗaya ake buƙata, ita kaɗai za a buɗe.

Lawali Karkada
Alhamdu lillahi! Akwai dokar hanin kuwa, na goge, na sa taka. Mu biyu mun shiga, ni kore, yaron shagona toka-toka. Wallahi daɗi kamar me. Sai dai ta uku da ta shigo allon jira ya nuna wani gargaɗi a kan fayil, muka ci gaba a haka, ba a jima ba wasan ya watse.

Nana Hadiza
Wannan shi ne wurin da ya fi burge ni a Doom, bari in ɗan tsawaita.

Yawancin wasannin yanzu, babbar kwamfuta guda ce ke riƙe da duniyar wasan, tana gaya wa kowa ga inda wane yake, ga inda harsashi ya faɗa. Doom ba haka aka gina shi ba. Kowace kwamfuta ita ke lissafa duniyar gaba ɗaya da kanta. Abin da ke yawo a kabul kawai shi ne abin da kowane ɗan wasa ya danna: na yi gaba, na juya hagu, na harba, na buɗe ƙofa. Sau 35 a kowace daƙiƙa ake tattara wannan a raba wa kowa, sannan kowace ta matsa taki ɗaya. Tunda daga wuri guda suka tashi, kuma abu guda aka ba su, dole su isa wuri guda. Har abin da muke gani kamar sa'a, irin yawan raunin da harbi ke yi, daga wani jeri ne na lambobi 256 da ke rubuce cikin wasan, kowa yana bin sa bi da bi.

Shi ya sa ba ya cin rezo, ya yi aiki a layin tarho na shekarun 1990. Amma kuma shi ya sa ba ya haƙuri da bambanci ko na ƙwayar zarra. In fayil ɗin ta ukun ya saɓa, a ce wani bango ya ɗan gusa ko wata bindiga ba ta wurinta, to a wurinka mutum ya wuce, a wurinta ya tokare. Daga nan duniya ta rabu biyu, wasan ya gane, ya tsaya.

Doom II ya fito da sigogi daban-daban, akwai 1.666, akwai 1.9, duk kuma sunan fayil ɗin ɗaya ne. Ka tantance da wannan a kowace kwamfuta:

certutil -hashfile doom2.wad SHA1

Zai ba ka dogon layi na lambobi da haruffa. In bai zo iri ɗaya a duka ba, fayilolin ba ɗaya ba ne. Mafi sauƙi, ka kwafe dosiyen mai masauki kacokan a kile, ka zuba wa sauran, har shi Chocolate Doom ɗin ya zama siga ɗaya.

Sanusi Yamai
Gaishe ku mutanen Damagaram. Ina biye da ku tun ɗazu. Kafin a kwafe, ina da magana a kan fayil ɗin nan. Injin wasan kyauta ne, id Software, kamfanin da ya yi Doom, sun saki rubutun shirinsa a 1997, suka mai da shi ƙarƙashin lasisin GPL, mai ba kowa izinin gyarawa da rabawa, a 1999, daga nan ne irin su Chocolate Doom suka samu fitowa. Amma doom2.wad bai shiga kyautar ba, har gobe sayar da shi ake yi. Lawali kuma wurin sana'a ne, kuɗi zai karɓa.

Habu Zango
Haba Sanusi. Wasan 1994 fa. Wa zai taso daga Amurka ya zo Karkada tambayar fayil ɗin da bai kai mega goma sha biyar ba?

Sanusi Yamai
Ba wanda zai zo, na sani. Ba tsoron kamu nake magana ba, haƙƙi nake magana. Kuma ga halal a kusa, me zai sa a bar ta? Akwai FreeDM, masu aikin Freedoom suka yi shi, filaye 32, dukansu don karawa tsakanin mutane aka zana su, kowa na da izinin kwafa da rabawa. Umarnin bai canja ba sai suna: -iwad freedm.wad. Sannan doom1.wad, kashin farko na Doom na 1993, tun asali kamfanin ya ce a raba shi hannu da hannu. Filaye tara ne, ana buga shi a rezo. Shi dai lambobi biyu yake so, kashi da fili: -warp 1 1.

Mutari mai gyara
Sanusi ya faɗi gaskiya. Ni dai zan ce filin farko na Doom II da na bakwai ba su da na biyu wurin karawa, wanda ya saba da su zai yi kewarsu. Wanda ya sayi nasa ya buga abinsa. Amma na shago, Lawali, ka sa FreeDM hankalinka kwance. Ga masu Linux ma ya fi sauƙi: sudo apt install chocolate-doom freedm, ƙofar kuma sudo ufw allow 2342/udp.

Lawali Karkada
Na samo FreeDM, na zuba wa duka. Mu huɗu mun shiga, ba gargaɗi, ba tsayawa. Amma ta biyar ba ta samu wuri ba.

Habu Zango
Yawwa, nan nake jira. Ba za ta samu ba, don huɗu ne iyakarsa: kore, toka-toka, ruwan ƙasa, ja. Kuma in an fara, wanda ya makara sai ya jira a tashi, ba a shiga a tsakiya. Fadar su Lawali ta fi mutum goma. Ku gaya min, me ya sa za a zaɓi abin da zai bar rabin mutane tsaye? Zandronum, wani shirin buga Doom daban, yana ɗaukar har mutum 64, kowa ya shigo lokacin da ya ga dama, ya fita lokacin da ya ga dama, wasa na tafiya. Shi ma daga baƙin allon ake tayar da shi, tunda shi kuke so:

zandronum -host -iwad freedm.wad +deathmatch 1 +map MAP01 +sv_updatemaster 0

Ƙofarsa 10666. Akwai kama tuta, akwai ƙungiya da ƙungiya. Kuma a wurinsa mai masauki ne ke riƙe da duniyar, saboda haka in kwamfutar mutum ɗaya ta yi nauyi shi kaɗai zai ji a jikinsa. A naku kuwa, bisa bayanin Hadiza da bakinta, kowa sai ya jira mai jan ƙafa.

Mutari mai gyara
Duk abin da ka lissafa gaskiya ne, ban cire ko ɗaya ba. Amma ka dubi ɗakin da ake magana. Kwamfuta biyar ce, ba sittin ba. Ko da Zandronum, mutum biyar ne za su zauna, saura na tsaye. Riba ta kujera ɗaya ce. A kan kujera ɗaya za a ɗauko shiri mai saituttuka ɗaruruwa, ga tsalle, ga duban sama da ƙasa, wannan ya kunna wancan, wancan ya kashe wannan, a kwana ana gardama a kan waye ya canja me.

Chocolate Doom da gangan aka yi shi a haka. Simon Howard ya fara shi a 2005 da niyyar ya yi daidai da Doom na asali na zamanin DOS, har da iyakokinsa. Wasan da ya fito ran 10 ga Disamba 1993, wanda ke tashi a kan tsohuwar kwamfuta 386 mai mega huɗu na ƙwaƙwalwa, shi ne wannan. Babu injin da ke shagon Lawali da zai ji nauyinsa, kuma a kan kabul cikin ɗaki ɗaya maganar jiran mai jan ƙafa ba ta tasowa. Filayen ma don mutum biyu zuwa huɗu suka fi daɗi. Ka zuba mutum goma a ƙaramin fili, ba wanda zai yi dabara, kana fitowa ana kashe ka.

Maganar masu jira kuma, ga maganinta: -timer 10. Minti goma fili ya rufe da kansa, allon sakamako ya fito, biyun ƙasa su tashi, wasu biyu su zauna a kujerunsu. Ba sai an rufe komai ba. Masu jira suna shan shayi suna kallo, kuma kallon ma rabin daɗin ne.

Habu Zango
Maigida, kai tsohon abu kake so don ka saba da shi. Yaran nan a salula suka tashi, wasan da ba a tsalle ba za su daɗe a kansa ba. Kuma wa ya ce biyar za a tsaya? Ni ina da tafi-da-gidanka, Hadiza na da, wasu ma za su kawo.

Nana Hadiza
Ni ina ganin ba abu ɗaya kuke aunawa ba. In daren Asabar ne a shago da injinan da ke nan, ina bayan Yaya Mutari. In kuma gasa za a shirya ta unguwa da unguwa, a ce Birni da Zango da Garin Malam, kowa ya zo da injinsa, to huɗu ba za ta isa ba, dole a koma Zandronum ko Odamex. Odamex ma ya fi kusa da yanayin na asali, kuma shi ma ana shiga a tsakiyar wasa. Abin da aka koya yau ba zai tafi a banza ba, adireshi da ƙofa da fayil iri ɗaya, su ne dai a can ma, lamba ce kawai ke canjawa.

Yaya Lawali, ƙari biyu. Ka sa -privateserver maimakon -server, don ranar da kake da forfe kada ya je ya yi rajistar kansa a jerin duniya. Sannan ka gwada -altdeath a wurin -deathmatch. A na farkon bindigogi suna nan ba sa ɓacewa, amma magani da harsashi in an ɗauke sun tafi ke nan. A -altdeath kusan komai yana dawowa bayan daƙiƙa 30, sai wasan ya koma na wanda ya iya lissafin lokaci da tsare wuri.

Sanusi Yamai
To ni fa? Kilomita wajen 900 tsakaninmu. Akwai hanyar da zan shigo daga nan?

Mutari mai gyara
Akwai, amma ba kamar ta cikin ɗaki ba. 192.168 adireshin cikin gida ne, daga waje ba a ganinsa. A ƙa'ida sai a shiga saitin akwatin wifi a ce duk abin da ya zo ta 2342 a miƙa wa mai masauki. Matsalar ita ce mafi yawanmu da layin salula muke shiga intanet, kuma a irin wannan layi mutane da yawa ne ke tarayya a adireshin waje guda. Lawali ya duba adireshin da akwatinsa ya samu daga kamfani. In ya fara da 10, ko yana tsakanin 100.64 da 100.127, to ko ya buɗe ƙofa a akwatinsa, akwai wata a gaba wadda ba shi ke da makullinta ba.

Abin da ke aiki shi ne ZeroTier ko Tailscale. Ku biyu ku sa, su ba kowa wani adireshi na musamman, injinanku su ga juna kamar suna ɗaki ɗaya. Wannan adireshin za ka sa bayan -connect. Ka fara yi masa ping tukuna. In lokacin amsar da ping ke nunawa a ms yana wuce 150 ko 200, ko yana hawa da sauka, za ku ji wasan yana ja, kuma ba kai kaɗai ba, har na cikin shagon. Mai masauki zai iya ƙara -extratics 3 saboda saƙonnin da ke ɓacewa a hanya, ko -dup 2 don rage yawan abin da ake aikawa, amma motsin zai ɗan yi kaushi. A nan kam Habu ya fi ni hujja, in da na nesa a ciki, tsarin Zandronum ya fi dacewa.

Malam Ibro
Salamu alaikum. Na karanta duka, kuma na ƙaru. Amma a matsayina na malamin lakwal kuma uba, akwai abin da ba wanda ya taɓo. Lawali ɗana, wasan nan na harbi ne da jini. Garin nan mun san abin da rikicin samari ya jawo mana a shekarun baya, ba sai na faɗa ba. Shagonka a bakin hanya yake, yara ƙanana za su leƙo, gobe su ce su ma sai sun buga. Sannan inda duk aka ce wane ya ci wane, kuɗi na biyo baya, daga nan an shiga caca. Ina so in ji yadda ka shirya wa wannan.

Lawali Karkada
Wa alaikumus salam Malam, na gode da kuka yi magana. Ga abin da muka tsayar a fada: sai bayan isha'i, a tashi kafin sha ɗaya, ba yaro ɗan firamare ko ɗan kwaleji, kuma ba a sa ko dala a kan sakamako. Wanda ya zauna zai biya kuɗin kujera ne kawai saboda kuran, kamar mai buga takarda. Duk wanda aka kama da caca ya bar wurin.

Nana Hadiza
Malam, damuwarku a wurinta take, wasan manya ne, ban ce a ba yara ba. Amma abin da ya faru a zauren nan yau ku duba shi. Yaya Lawali da safe bai taɓa rubuta umarni ba, yanzu ya san adireshi, ya san ƙofa, ya rubuta dokar Pare-feu, ya tantance fayil. Mu a jami'a a allo ake zana mana waɗannan, da yawa har su gama ba su haɗa injina biyu da hannunsu ba. Kuma hanyar ba ta Doom kaɗai ba ce. Akwai OpenTTD, wanda aka gina a kan wani wasan 1995 na shimfiɗa layin dogo da hanyoyin mota da jigilar kaya tsakanin garuruwa. Ba harbi, ba jini, lissafin riba da faɗuwa ne, kuma kyauta ne. Mai masauki ya rubuta openttd -D, sauran su rubuta openttd -n da adireshin, ƙofarsa 3979. In ɗakin kwamfutar lakwal ɗinku yana da suwic, ɗalibai su tayar da shi da kansu, ku kuna kallo.

Malam Ibro
To wannan na ji daɗinsa, ƴata. Na jirgin ƙasan zan so in gani da idona kafin in kai wa darakta maganar. Lawali, sharuɗɗan nan ka rubuta su a takarda ka manna a ƙofa, kada su tsaya a baki. Maganar jinin kuwa har yanzu raina bai kwanta da ita ba, ko ga manyan, amma ku ne masu shagonku.

Mutari mai gyara
Saura abu ɗaya, kuran. In mai masauki ta mutu, wasan kowa ya mutu. Ta biyar ɗin da ba ta samu kujera ba, ita ce ke kan ondilar, na'urar nan da ke riƙe wuta in kuran ya ɗauke, ko?

Lawali Karkada
Ita ce, da ita da suwic da akwatin wifi.

Mutari mai gyara
To ita za ka ba masaukin. A kanta ka rubuta wannan kawai:

chocolate-server -privateserver

Ba ta buga wasa, raba saƙo kawai take yi. Kar ka ƙara mata -altdeath ko -warp, za ta ƙi karɓa. Wanda ya fara shiga shi ne shugaba, a layinsa ake sa dokokin:

chocolate-doom -iwad freedm.wad -connect 192.168.1.15 -altdeath -timer 10 -warp 1

Sauran ukun -connect da adireshin kawai. In ba ka ga chocolate-server a dosiyenka ba, chocolate-doom -dedicated aikinsu ɗaya. Amfanin shi ne in an tashi daga wasa tana nan tana jiran na gaba, kuma in injin mutum ɗaya ya mutu, ukun su ci gaba. Lokacin zafi ka buɗe murfin injinan ka hure ƙura, Afrilu da Mayu ba sa raga wa tsohon inji.

Lawali Karkada
Na yi, yana tafiya. Na rubuta fayil uku: masauki.bat a ta biyar, shugaba.bat a ta ɗaya, shiga.bat a sauran. Na kashe komai na sake kunnawa don gwaji, sai adireshin ta biyar ya koma 12, shiga.bat ya daina samunta.

Nana Hadiza
Akwatin ne ke raba adireshi ga wanda ya riga tashi. Ko dai ka shiga saitinsa, wurin DHCP, ka keɓe wa ta biyar lamba ɗaya ta dindindin, ko kuma ka cire -connect da adireshin ka sa -autojoin, wasan ya nemo mai masauki a rezon da kansa. Tunda masauki ɗaya ne a shagon, ba zai ɓata ba. In shugaba ya ƙara -record gasa1, za a samu ɗan ƙaramin fayil na duk karawar, a sake kallo da -playdemo gasa1, ko gardama ta tashi a kan wa ya fara harbi.

Lawali Karkada
-autojoin ya yi. Asabar bayan isha'i in Allah ya kai mu, duk wanda ke gari bismillah. Malam, takardar tana ƙofa tun yanzu.

Habu Zango
Zan zo, kuma da tafi-da-gidanka zan zo, da Zandronum a kile. A fara da naku, in an yi zagaye biyu a ba ni rabin awa in tayar da nawa, mutane su buga duka biyun su faɗi wanda suka fi so. Suwic ɗinka baki nawa gare shi?

Lawali Karkada
Takwas. Biyar na kwamfutoci, ɗaya na akwati, biyu ba kowa. Kabul ne ba ni da na ƙari.

Mutari mai gyara
Ka turo yaronka shago gobe da safe, ina da ragowar kabul da kawuna, zan matse muku guda biyu masu mita biyar-biyar. Habu, ka zuba freedm.wad ɗin Lawali a naka, kar ka zo da wani daban, kuma ka tuna 10666 sai an buɗe ta a Pare-feu kafin mutane su zauna.